Me Ya Sa Auduga Ke Leƙowa Daga Tedin da Na Saƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saƙa wa jikata mai shekara biyu ɗan tsanan tedi da zaren ulu, amma da na cusa masa auduga sai ta riƙa leƙowa ta ramukan saƙar, kansa kuma ya langaɓe gefe guda. Ta ina zan gyara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya mana jika. Matsalar farko daga kaurin tsinken saƙa ta taso. Lambar da ake bugawa a takardar ƙunshin zare an tsara ta ne domin riga ko hula, waɗanda ake son su yi laushi su bi jiki, alhali abin da za a cusa wa auduga yana bukatar saƙa matsattsiya wadda ba ta buɗewa idan an danna ta daga ciki. Saboda haka idan takardar ta ce milimita 4, ki koma tsinke mai milimita 3 ko 3.25. Kafin ki soma sabon aiki, ki saƙa ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu, ki ja shi a kan yatsunki. Muddin kina hango fatarki ta cikinsa, tsinken bai kai sirantar da ake so ba. Wanda kika riga kika gama kuwa ba sai kin warware shi ba: ki farke ɗinkin baya, ki fitar da audugar, ki zuba ta cikin tsohuwar safa mai launi kusa da na zaren, sannan ki mayar.

Ita audugar, na fi amincewa da ta roba irin wadda ake sa wa filo, domin tana wankuwa tana bushewa da wuri. Audugar rimi tana da laushi, amma tana dunƙulewa bayan wanki kuma tana saurin kama wuta. Ki riƙa yagar ta ƙanana-ƙanana, ki fara daga ƙarshen hannuwa da ƙafafu kina turawa da gindin fensir, kada kuma ki cika har saƙar ta miƙe.

Langaɓewar kai alama ce ta cewa wuya ya zama fanko. Nan ne ya kamata audugar ta fi tauri, a haɗe da ta ƙirji da ta kai ba tare da gibi ba, sannan ki zagaya wuyan da ɗinki sau biyu da zaren saƙar, ki ɓoye bakin zaren can cikin jiki. Kada ki sa kara ko waya don ya tsaya, domin wata rana za su huda saƙar su soki yarinya.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina. Yaron da bai kai shekara uku ba komai bakinsa yake kaiwa, don haka kada ki sa maɓalli ko dutsen ado a matsayin ido da hanci, ko da kin ɗinke su da kyau, saboda haƙori yana cire su su shaƙe yaro. Ki yi su da baƙin zare da allura, ki kuma taƙaita duk wani ƙyallen wuya ki ɗinke shi a jiki. Idan ya yi datti, ki wanke shi da hannu a ruwa mai ɗan ɗumi, ki matse a cikin tawul, ki shanya shi kwance a inuwa, kuma kada a kusantar da dutsen guga, domin yawancin ulun da ke kasuwa na roba ne, zafi yana narkar da shi.