Hawan Mambila da Hilux daga Katsina

Ɗan'uwa, ka ce kana son kai Hilux ɗinka tsaunin Mambila a jihar Taraba, kuma ba ka taɓa tuƙi a kan dutse ba. Motar za ta iya. Direban nake ji.

Mu 'yan Katsina mun saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya, daga Ƙofar Ƙaura har Daura ba hawan da zai sa ka sauya giya. Can kuwa, da ka wuce Serti ka isa Mayo Selbe, sai hawa da kwana-kwana har ka kai kusan mita 1,600. Babbar hanyar Gembu, babban garin tsaunin, kwalta ce, duk da ta farfashe. Tsakuwa da jar laka suna hanyoyin ƙauyuka.

Hawa ba ya ba ni tsoro kamar gangara. Kada ka ɗora ƙafa a birki kana tafiya, zai yi zafi ya daina kamawa. Sa giya ta ɗaya ko ta biyu, injin ya riƙe motar. Giyar da ta hau da kai, ita za ta sauko da kai. A tsakuwa ka sa 4H, wato tayoyi huɗu su ja motar, in hawan ya tsananta ka tsaya cak ka koma 4L, wato tayoyi huɗun a ƙaramar giya mai ƙarfi. Rage iskar taya kaɗan, ka tafi da famfo.

Yi ham kafin kowace kwana, mai saukowa shi ke ba mai hawa hanya. Ka je tsakanin Disamba da Fabrairu, damina can doguwa ce.

In za ka ɗauki hoton gonakin shayin Kakara, faka tukuna. Kuma ɗauki rigar sanyi, ba irin ta hunturunmu ba.