Harsashin da ya fi wakiltar tarihin harbi a Amurka

Malam, ka yi tambaya a kan harsashin da ya fi dacewa a ce shi ne ke wakiltar al'adar harbi ta Amurka, kuma a ganina babu wanda ya kai .30-06 Springfield cancanta. Rundunar sojan ƙasar ta karɓe shi a 1906, sojojinta suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya da shi a bindigogin M1903 da M1917, sannan suka shiga Yaƙin Duniya na Biyu da Yaƙin Koriya da shi a bindigar M1 Garand, kafin harsashin 7.62 na ƙungiyar tsaro ta NATO ya maye gurbinsa a ƙarshen shekarun 1950. Abin da ya fifita shi kuwa shi ne bai tsaya a bariki ba, domin sojojin da suka koma gida sun ci gaba da farautar barewa da manyan namun daji da shi, har yau kuma maharba na saye.

Masu goyon bayan .30-30 Winchester suna da hujja, tunda ya fito a 1895 domin bindigar Model 1894 kuma ya daɗe a hannun manoma da makiyaya, sai dai bai taɓa zama harsashin rundunar sojan Amurka a hukumance ba. Shi kuma .45-70 na 1873 zamanin baƙin albarushi, wato tsohon albarushi mai hayaƙi, yake wakilta. Wanda ya ɗan sa ni jinkiri shi ne ƙaramin .22 Long Rifle na 1887, domin da shi yara da yawa a Amurka ke fara koyon saiti.