Tikitin wasan ƙananan ƙungiyoyin Ingila: tun daga Zariya ko a bakin fili?

Malam, kana tambaya ko dole sai ka yanki tikitin wasan ƙwallon ƙafa tun kana Zariya kafin ka tashi. A'a, ba dole ba ne. A League Two da National League, wato rukuni na huɗu da na biyar na gasar Ingila, galibi ranar wasan ma za ka samu a bakin fili, in ba karawar maƙwabta ba ce ko ta neman hawa rukunin gaba. Biza za ka fara nema.

Lokacin tafiyar ne abin lura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ciyawa ta daskare ko ruwa ya kwanta, alƙalin wasa kan zagaya filin da safe ya ɗage wasan, don ƙananan filaye da yawa ba su da na'urar ɗumama ƙasa. Na ga 'yan kallo da jakunkunansu tsaye gaban rufaffiyar ƙofa, abin ba daɗi. Ka nufi Satumba ko Afrilu. Ni da Nottingham zan fara: filin Meadow Lane na ƙungiyar Notts County, wadda aka kafa a 1862, da filin City Ground na Nottingham Forest, kogin Trent ne ya raba su, da ƙafa za ka zagaya duka biyun.