Amsa: Shin a kori kocin matasa idan bai ci kofi ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko daidai ne a sallami mai horar da 'yan ƙasa da shekara 20 a ƙwallon zari-ruga don kawai bai ɗauko kofi ba. Ni dai ban goyi baya ba, sai in akwai wani laifin daban.

'Yan wasansa ba sa zama. Shekara ɗaya ko biyu, shekarunsu sun wuce, ya koma neman sababbi. To a tambaye shi yara nawa ya kai babbar tawagar ƙasa. Dubi koci Jake White: a 2002 ya jagoranci Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 21, aka ba shi babbar tawaga a 2004, ya ci kofin duniya a 2007, kuma Fourie du Preez da Juan Smith, yaransa na da, suna cikin tawagar. Faransa ma ta ci gasar matasa ta duniya a 2018, 2019 da 2023, kuma kulob-kulob ɗinsu na sa yaran wasa da manya tun da wuri.

Amma kada hakan ya zama mafaka. Inda ake naɗa koci don sanayya, ba a tallata gurbin ba, ba a rubuta masa abin da ake so ya cimma ba, waɗanda suka naɗa shi ne za a fara tuhuma.

Mu nan Maraɗi, inda kokowa ta cinye hankalin yara, malaman motsa jiki na makarantu za a fara koya wa wasan kafin a zo zancen koci.