Tafkin da ke kusa da Kumasi, zai yi a kai yara?

Tambaya: Salam Anti, zan je biki wajen dangi a Zangon Kumasi, an ce akwai wani tafki cikin tsaunuka kusa, wai zai yi mu kai yara yini guda?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar uwa, ai Bosumtwi kenan, kilomita kusan 30 daga Kumasi. Dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin tun shekaru kusan miliyan ɗaya, yanzu tsaunuka sun zagaye shi kore shar. Ku sauka ta ƙauyen Abono da sassafe ku taka bakin ruwa kafin rana ta yi zafi sannan ku hau jirgi, amma don Allah kar yaro ya shiga ba rigar kariya, ruwan na da zurfi sosai. Ki nuna musu masunta, kan gungumen katako suke zama suna tuƙi da hannu, wallahi abin kallo ne. Ki sayi soyayyen kifi kafin ku juyo.