In Sun Ce Maka "Ba Ma Yin Linux"

Jiya da muna rufe shago ka tambaye ni zancen ɗalibin nan na jami'ar ATBU ta Bauchi mai kwamfutar Ubuntu, wato wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows: me ya sa da ya kira kamfanin intanet ɗinsa suka ce Windows da Mac kaɗai suka sani? Na ga har ka ɗauko filashin Windows za ka goge masa komai. Ajiye shi tukuna, ɗana.

Wanda ya ɗaga wayar can ba injiniya ba ne. Takarda aka ajiye masa yana karantowa, danna nan, danna can, kuma ta Windows ce. Masu Linux 'yan ƙalilan ne, koya wa ma'aikata kuwa kuɗi ne, ga Ubuntu daban, Fedora daban, Mint daban. Saboda haka "ba ma yi" nufinsa ba za su kama hannunka ba, amma layi ba ruwansa da abin da ke cikin kwamfuta. Abin dariya ma, wayar Android da ke aljihunsa a kan Linux aka gina ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne modem ɗin USB irin na da. Da ka soka shi, sai ya fara fitowa a matsayin faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows. Linux ya duba ya ga faifai, shi ke nan ya yi shiru. Buɗe terminal, wurin rubuta umarni, ka buga lsusb ka tabbatar kwamfutar ta gan shi, sannan manhajar usb_modeswitch ta juya shi ya koma modem. Daga nan sai APN, wato sunan da ake sawa a saiti don layin ya shiga intanet ɗin kamfanin. Shi kaɗai za ka tambayi kamfani, kada ma ka ambaci Linux, don da sun ji sunan an gama magana.

Ni dai MiFi, ƙaramar na'urar nan da ake sa wa SIM ta ba da Wi-Fi, nake ce wa mutane su saya. Wi-Fi ne kawai, saitinsa a burauza, na Huawei galibi 192.168.8.1. In katin Wi-Fi ɗin kwamfutar ne ya ƙi, irin na Broadcom, jona waya da kebul ka kunna USB tethering, wayar ta ba kwamfutar intanet, ka sauko da direbansa, wato manhajar da ke sa katin aiki.

Ka koyi wannan da kyau. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye hannu daga Windows 10, tsofaffin tokunbon da ake kawo mana daga kasuwar Wunti kuma da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Yaron zai dawo bayan La'asar, kai za ka yi aikin, ni ina kallo.