Hilux mai kilomita 310,000, in saya ko in haƙura?

Wani ɗan kasuwa dake sayo riɗi da waken suya a ƙauyuka yana kawowa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya turo min tambaya, yace jarinsa duka miliyan 20 ne, dillali ya kawo masa Hilux ta 2012 mai fetur, mai ogzilari (giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja), ta ci kilomita 310,000, an bar masa ita miliyan 13, kuma ya gaji da biyan kuɗin haya da wulaƙancin direbobi, shin ya saya?

Alhaji na gode da tambaya. Kilomitan nan da ya tsaya maka a rai ba shi ne ya fi damuna ba. Injin 2.7 na Hilux ɗin nan sarƙa yake amfani da ita wajen taimin ba bel ba, ita kuwa ta fi bel daɗewa, kuma in dai ana masa juyen baƙin mai akan lokaci to 300,000 ba tsufa bane a wajensa, abinda ya dame ni shine miliyan 13 daga cikin 20. Kaga saura 7 kenan, kuma ba a taɓa sayen mota irin wannan a hau kawai, tayoyi huɗu, shokozoba, kuloci, batir, canjin takardu, la'adar dillali, ka ware aƙalla miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu, sai ka wayi gari kaka ta shigo riɗi yana araha a ƙauye kai kuma miliyan 5 ce a hannunka, motar na tsaye a ƙofar gida tana ƙyalli ba kayan da zata ɗauko. Kai ka fi ni sanin cewa a harkarku mai kuɗi a hannu lokacin kaka shi ke cin kasuwa.

Sannan Hilux kusan tan ɗaya take ɗauka, buhu goma kenan masu kilo 100. Eh na san ana lafta mata goma sha biyar har sama, amma motar da ta riga ta yi wannan tafiyar in ka dinga yi mata haka sifirin da aksil ne zasu fara kuka. Ɗauko littafinka na bara ka duba nawa ka biya na haya gaba ɗaya, sawu nawa kayi, buhu nawa kowane sawu. Sai ka lissafa mai, tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 man fetur ya zama abu na farko a lissafi, kuma mai ogzilari ta fi marar shi shan mai musamman cikin yashi, ka ƙara albashin direba da sabis. In abinda zaka rage bai isa ya dawo maka da kuɗin motar cikin shekara uku ba to kayi haƙuri da direbobin nan tukuna.

Amma in ƙauyukan da kake shiga irin na yashi ne da burtali wanda babbar mota bata shiga, kuma shigar taka ce ke sa ka samu kaya ƙasa da farashin kasuwa, to nan motar tana da aiki, sai mu koma maganar lafiyarta. Kar ka yarda da mita. Ni kaina na taɓa sayen wata a wajen wani mai saida motoci, mita na nuna 140,000, sai da muka je gareji bakanike ya buɗe ƙofar direba ya nuna min wata 'yar takardar sabis manne a jikin ƙarfen an rubuta 260,000 da biro, wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Ka dubi fedar birki da sitiyari da kujerar direba, su basa ƙarya. In kuma motar Amurka ce aka kawo maka wata rana, mil take ƙirgawa, mil 200,000 ya kai kilomita 320,000.

Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma da sassafe kafin a tada ta, don ka ga hayaƙin farko, shuɗi yana nufin tana shan baƙin mai. Ya buɗe murfin baƙin man in yaga kamar madara to ruwa na haɗuwa da mai. A hau da ita rami a duba shasi ko an taɓa walda ko tsatsa ta ci, a sa ogzilarin a cikin yashi na gaske aga yana shiga yana fita ba ƙara, don da yawa an cire farfelar gaba, wato ƙarfen dake juya tayoyin gaba, an bar liba kawai ta ado, gyaransa kuma ko a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ba ƙaramin kuɗi bane. Lambar shasi ta dace da ta takardar kwastan harafi da harafi.

Ni dai da nine kai bazan saya yanzu ba. Ka juya miliyan 20 ɗinka a wannan kakar, in Allah ya sa albarka ka saya daga riba bayan ka fitar da kaya, kuma ka turo min lissafin hayar baran mu duba tare, ƙila ma Canter ce, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya da ta fi Hilux ɗauka, ta dace da kai.